Iskar da Aka Rubuta

Wata bakwai ina kokawa da shafi ashirin da uku.
Tsohuwa Mandrela ce ta rubuta su a ɗakinta, hawa na shida,
da fensir, da 'yar mugunta,
ɗigo a kan ɗigo kamar tururuwa ta sami sukari.
Na ce mata, "Wannan layin ba wurin shan iska."
Ta ce, "Dobrawa, ni ma ban samu ba."

Yau Katowice ta kwana cikin ƙanƙara,
amma zauren ya cika maƙil.
Mutum saba'in zaune da gogensu da gangunansu,
ni kaɗai a tsaye
da ƙahon tagulla mai maɓalli uku
da leɓɓa biyu da ba su kai ɗan yatsa ba.
Iyakar jarina ke nan.

Madugu ya ɗaga sanda.
Masu goge suka shigo ba sallama,
kowa da hanyarsa, kamar kasuwa ta tashi.
Na ƙirga bakwai, biyar, bakwai, tara,
lissafin da ƙafa ba ta iya takawa,
na faɗa ciki.

Ba waƙar da za ka tafi gida kana rerawa.
Nan a ce busa, kuma yi gurnani a maƙogwaro,
murya biyu daga baki ɗaya.
Can a ce toshe bakin ƙahon, buɗe, sake toshewa,
ya yi magana ta hanci kamar mai mura.
Harshe na karkarwa, gumi na bin gwiwar hannu,
mai babbar ganga na jifana daga baya
ina ramawa.

A shafi na sha shida akwai tsani.
Na hau shi sau dubu a kicin ɗina
har maƙwabcina Pawlas ya daina gaishe ni.
Na hau, na hau,
saura taki ɗaya,
sai muryar ta tsage.
Tsagewar ƙwai a bakin kasko, kowa ya ji.
Na ɗanɗani gishiri da ƙarfe.
Madugu bai dube ni ba, Allah ya saka masa.
Ruwan da ya zube ba ya kwasuwa;
na ɗauki numfashi na gaba.

Sannan shafi na sha tara.
Makaɗa saba'in suka sauke hannu.
Abin da ta rubuta a nan: iska kawai.
A hura ta cikin ƙahon, kada ta zama sauti.
Shiga.
Fita.
Da ɗan kurman fito a ƙarshenta.

A layin ƙarshe, dab da ƙofa, babana Alojzy yake.
Kullum can yake zama, don in tari ya taso ya fice.
Shekara ashirin da shida a ramin kwal,
ran hutu ya sa hula mai jan gashin tsuntsu
ya busa wa masu haƙa a kan titi.
Shi ya ɗora littafi a cikina ina 'yar shekara takwas,
ya ce, "Ɗaga shi da iska, ban da kafaɗa."
Yanzu matakala goma sai ya huta sau biyu.

Na hura.
Na saurari ƙofa.
Ba ta motsa ba.

Tafi ya zo, ya daɗe, ya wuce.
A lungun baya Mandrela ta kama hannuna da sanyin yatsunta:
"Kin yi gaggawa a shafi na takwas."
Tsagewar, ko a bakinta.

Baba ya karɓi ƙahon kamar jaririn wani,
ya buɗe 'yar ƙofar ruwa, ya zubar da raɓar numfashina a ƙasa,
ya goge bakin da hankicinsa.
Ya daɗe yana gogewa.
Sannan ya ce, bai ɗago ba,
"Wa ya gaya wa matar nan yadda nake barci?"

Muka fita neman motar ƙarshe.
Leɓena ya kumbura, sanyi na lasar sa.
Ni na riƙe akwatin,
shi yana ba mu taki.